Ramin gawayi ba zai raba ruwan masana'antarka da guba ba

Wani Alhaji mai ƙaramar masana'anta a Kudenda da ke Kaduna ne ya aiko da tambaya. Aikinsu shafen ƙarfe: a wanke shi da asid, a shafa masa tutiya ko kurom don ya yi ƙyalli ya daina tsatsa, irin su mariƙin ƙofa da kayan babur. Ya ce suna zubar da ruwan ɗauraya kamar duro goma a rana a cikin lambatu, jami'an kula da muhalli sun zo sun ba shi wa'adi, wani abokinsa kuma ya ba shi shawarar ya haƙa rami mai zurfi, ya cika shi da gawayi da yashi, ya riƙa juye ruwan a ciki. Yana so ya san ko hakan ya wadatar, da kuma ko alam ko 'ya'yan zogale za su taimaka.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka kira masu haƙa. Kada ka haƙa ramin nan. Zan gaya maka dalili, sannan in gaya maka abin da za ka gina a madadinsa, kuma bai fi ƙarfin masana'anta irin taka ba.

Na yi shekara sama da 20 ina aikin tace dagwalon masana'antu a garin nan, kuma abin da nake fara cusa wa kowane mai masana'anta shi ne ƙarfe ba ya mutuwa. Ruwan mahauta ko na kamfanin lemo ƙazantarsa mai ruɓewa ce, in ka ba ta lokaci da iska ƙwayoyin halitta za su cinye ta. Dalma da kurom da kadmiyam da zaiba kuwa babu abin da ke cin su. Rana ba ta ƙone su, ƙasa ba ta narkar da su, in ka tafasa ruwan ma ƙara musu kauri ka yi, don ruwan ne ke tashi ya bar su a tukunya. Duk wata dabara da za a kawo maka, mai arha ko mai tsada, aikinta ɗaya ne: ta ciro ƙarfen daga cikin ruwa ta mayar da shi abin da hannu zai iya kamawa. Don haka duk wanda ya zo maka da shawara, ka tambaye shi: bayan an gama, ina ƙarfen ya tafi?

Yi wa ramin abokinka wannan tambayar. Gawayin girki yana riƙe ƙarfe kaɗan, amma nan da nan yake ƙoshi, kuma ruwanku mai asid ne, shi da kansa zai sake wanke abin da gawayin ya kama. Daga nan sai ƙasa. Kurom ɗin da kuke aiki da shi, wanda muke kira mai lamba shida, ƙasa ba ta iya riƙe shi sosai, yana bin ruwa duk inda ya nufa. Inda zai nufa kuwa rijiyoyin maƙwabtanka ne. Lambatu aƙalla ana ganinsa, ana iya zuwa a yi maka magana kamar yadda aka yi. Abin da ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa ba mai gani, kuma fitar da shi aikin shekaru ne da kuɗin da babu wanda zai biya. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga lissafin da zai nuna maka girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma a ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, kurom 0.05, kadmiyam 0.003. Giram ɗaya na dalma ke nan ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, wato tankar mai uku masu cin lita 33,000. Giram ɗaya na kadmiyam, tanka goma. Shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana cewa ai kogin Kaduna babba ne, zai tafi da shi. Ina zai kai shi? Da rani ruwan ya ja baya, masu lambu a bakin kogi da bakin lambatun Makera da Kakuri da wannan ruwan suke ban-ruwan alayyafo da latas da kabeji, kayan ganye kuwa sun fi komai zuƙar kadmiyam. Ragowar ya gangara Shiroro inda ake kamun kifi. A Japan, ruwan kogin Jinzu da ma'adinai suka gurɓata da kadmiyam aka riƙa shayar da gonakin shinkafa, mutane suka ci shekara da shekaru har ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya riƙa karyewa. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, aka sake ganin irinta a 2015 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. A can ma ba wani magani aka yayyafa wa ƙasar ba. Kankare ta aka yi gida-gida, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa.

To yanzu ga aikin. Kafin ka sayi ko buhu ɗaya na sinadari, raba ruwanka. Kuskuren da na fi gani shi ne bututu ɗaya ya kwashe komai. A masana'anta irin taka ruwa uku ne: na wankin asid da sauran ɗauraya, na kwamin kurom, da na kwamin tutiya. Je ka duba buhunan gishirin da kuke zubawa a kwamin tutiya yau ɗin nan. Masu shafen tutiya da yawa har yanzu da sayanayid, wani sinadari mai mugun dafi, suke aiki. In haka ne a wurinka, ruwan nan kada ya kuskura ya haɗu da na asid, don haɗuwarsu na fitar da iskar da ke kashe mutum cikin mintuna. Shi ana fara ɗaga shi da sodar sabulu har ma'aunin pH ya haura 10.5, a zuba kulorin, a juya, a ba shi awa guda ko fiye, sai an tabbatar sayanayid ɗin ya mutu sannan ya shiga cikin sauran. Shi sayanayid ana iya kashe shi don ba ƙarfe ba ne. In kuma ba a kashe shi ba, riƙe ƙarfen yake yi a cikin ruwa, duk abin da ka zuba daga baya ba zai kwantar da shi ba. In da hali ma ka koma gishirin tutiya marar sayanayid, akwai shi, ka huta da wannan fargabar gaba ɗaya.

Na ambaci pH, kuma a kansa komai ya rataya. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Ruwa mai kyau yana wajen 7, ruwan lemon tsami wajen 2, jiƙon kanwa wajen 10. Yawancin ƙarafan nan a ruwa mai tsami suke narkewa su ɓace wa ido. In ka tura ruwan ɓangaren kanwa sai su fito su dunƙule, kamar yadda madarar waken suya ke kamawa in an zuba mata ruwan tsami za a yi awara, su kwanta a ƙasa ruwa ya taso sama. Abin da ake turawa da shi garin layim ne, irin wanda ake amfani da shi a matatar ruwan sha, ko sodar sabulu. Layim ya fi arha, lakarsa kuma ta fi saurin kwanciya, sai dai ta fi yawa. Ka kula, ba kowace farar ƙasa ta shafen bango ce layim ba, wata yumɓu ce kawai, ba za ta motsa ma'aunin ba.

Kurom mai lamba shida shi ne mai taurin kai. Ko buhu nawa na layim ka juye masa ba zai kwanta ba. Dole a fara sauya masa hali ya koma mai lamba uku, wanda gubarsa ba ta kai ta wancan ba kuma yana kwanciya. Ana sauke ruwan da asid zuwa pH 2 zuwa 3, a zuba sinadarin sodiyam metabaisalfait, kimanin kilo 3 ga kowane kilo ɗaya na kurom. In shi ya yi wuyar samu akwai feros salfet, amma shi wajen kilo 16 ake bukata, lakar kuma ta ninka. A fili za a yi wannan aikin, ba a cikin ɗaki ba, don yana fitar da iska mai shaƙe maƙogwaro. Da idonka za ka ga aikin na ci: ruwan da yake ruwan ɗorawa ko ruwan goro zai juye ya koma kore mai sirkin shuɗi cikin kamar rabin awa. Amma kada ka tsaya ga ido. Akwai wani sinadarin gwaji, difenilkabazaid, da ake ɗiga wa ɗan ruwan a kwalba. In ya yi ja mai sirkin shuɗi, da sauran mai lamba shida, a ƙara magani a jira. In bai sauya ba, sai a wuce zuwa layim.

A nan ne mutane ke faɗuwa, don suna ɗauka yawan magani shi ne yawan tsafta. Kowane ƙarfe da inda ya fi kwanciya. Kurom mai lamba uku wajen 8, jan ƙarfe wajen 9, tutiya tsakanin 9 da 10, nikel sai an haura 10, kadmiyam wajen 11. Sannan tutiya da kurom da dalma suna da wata ɗabi'a: in ka zarce da yawa, sai su sake narkewa su koma cikin ruwa. Na taɓa ganin wannan a wata masana'anta. Yaron da ke kula da tankin mai himma ne ƙwarai, ya ga in ya ƙara soda ruwan na ƙara haske, sai ya riƙa ƙarawa da rabin bokiti. Ya kawo mini kwalba yana murna, ruwa garau kamar na sama. Na tsoma takardar gwaji ta nuna sama da 12. Da sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, tutiyar da ke cikin ruwan nan mai haske ta kusa kai wadda ta shiga tankin tun farko. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Tun daga ranar ban sake barin tanki a hannun wanda ban zaunar na koya wa karatun ma'aunin ba.

Hanyar gano lambar da ta dace da ruwanka ba ta da tsada. Samo kwalabe shida masu faɗin baki, irin na Bama da aka wanke, ka cika su da ruwan da aka riga aka kashe wa sayanayid aka kuma juya kurom ɗinsa. Dama layim kamar koko, ka riƙa ɗigawa kana juyawa, ka tsayar da ta farko a 8, ta biyu a 8.5, haka har 10.5. Bar su awa biyu. Za ka ga laka mai launin toka-toka da kore ta kwanta kamar kauri yatsa biyu ko uku, wata kwalbar ta fi wata tsabta. Ɗebi ruwan saman kowace ka kai gwaji. Ga mai tutiya da kurom a haɗe, yawanci wajen 9 ake daidaitawa, amma naka ruwan ne zai faɗa maka. Wannan gwajin na yini ɗaya ya fi duk wata lamba da zan rubuta maka a nan.

Duro goma a rana, wato wajen lita 2,000, ba ya bukatar injin da ke gudana dare da rana, balle da halin wutar lantarkinmu. Tankin roba biyu sun isa, kowanne ya ɗauki ruwan yini guda, a ɗora su a kan dakali mai siminti da ɗan bango kewaye saboda yoyo. Yau ɗaya na cika, ɗayan ana yi masa magani. A juya da muciya ta katako, a bar shi ya kwana, da safe a buɗe famfon da ke sama da lakar, ruwan ya bi ta matatar yashi. Famfo na biyu a can gindi shi ne na fitar da laka. Ga ruwan kurom da na sayanayid, ƙananan tankuna daban kafin su iso nan.

Game da alam: yana taimaka wa ƙananan gudaji su haɗu su yi nauyi, amma ba ya ciro ƙarfen da yake narke, kuma yana sauke pH, a wajen 9 ma ba ya aiki da kyau. Gishirin ferik kulorayid ko ɗan digon folima, wani sinadarin da ke haɗa gudaji, sun fi shi a nan. 'Ya'yan zogale, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, gawayin da aka gasa na musamman, duk gaskiya ne suna kama ƙarfe, ɗalibanmu a jami'o'i sun sha gwada su a kofin gwaji. Sai dai abin da giram ɗaya ke kamawa miligiram ne 'yan kaɗan, ruwanka kuwa mai kauri ne. Wurinsu a ƙarshe ne, bayan layim ya kwashe mafi yawa, su share ɗan abin da ya rage. Haka kainuwa da kacalla da jema da ake shukawa a tafkin tacewa. Suna zuƙa, amma ƙarfen yana jikinsu, kuma a garin nan duk ciyawar da ta yi kore da rani sai an yanke ta an kai wa dabbobi. In ba za ka iya killace ta ba, kada ka shuka. Masu tallar injin tace ruwa irin na kamfanonin fiya wata kuma za su zo maka. Injin na aiki, amma ruwa biyu yake fitarwa, mai kyau da wanda gubar ta taru a ciki, na biyun kuma sai ka dawo da shi kan layim ɗin dai.

Akwai abin da ya fi duk wannan sauƙi, kuma kuɗi zai mayar maka aljihu. Yawancin kurom da tutiyar da ke cikin ruwanka daga jikin kayan da aka tsamo suke ɗiga. In yaranka suka riƙa rataye kayan a saman kwamin na ɗan lokaci su tsane kafin ɗauraya, sannan aka sa kwami na farko na ɗauraya ya zama mai ruwa tsayayye wanda da shi za a riƙa cike babban kwamin in ya ƙafe, gishirin da ka saya da tsada zai koma inda ya fito. Ɗauraya kuma a jera ta hawa biyu ko uku, ruwa mai kyau ya shigo ta na ƙarshe ya gangaro na farko. Ruwan da za ka yi wa magani zai ragu ƙwarai.

Saura laka, kuma a kanta na fi so ka saurare ni, don a nan ni kaina na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Farkon aikina, a wata masana'anta, hankalina duk yana kan ruwan da ke fita. Sakamako na kyau, kowa na yabo. Lakar kuwa ana kwashe ta da baro ana tarawa a bayan katanga, ban taɓa zagayawa na duba ba. Ruwan farko na damina ya sauka da dare, da safe na zagaya na tarar tarin ya zube rabi, ga koren layi ya bi gangare har cikin lambatu. Aikin wata shida ya koma inda muka hana shi zuwa, a dare ɗaya. Da na tambayi maigadi sai ya ce ai ko kafin nan wani mai lambu ya zo ya roƙi amalanke biyu, ya ga ta yi kama da taki. Ban san gonar da ta shiga ba, ban kuma san wanda ya ci abin da aka noma a kanta ba.

Saboda haka lakar nan ita ce gubar gaba ɗaya a dunƙule. A zuba ta a gadon shanya mai daɓen siminti da yashi a kai, da rufin kwano saboda ruwan sama, ruwan da ya tsatso ya koma tanki. In ta bushe a zuba a buhu mai leda ko duro mai murfi, a rubuta kwanan wata, a ajiye a ɗaki mai kulle. Ba a ba manomi, ba a cike rami da ita, ba a kai ta bola, ba a kuma ƙona ta, domin kurom mai lamba uku in ya sha wuta tare da layim yana iya komawa mai lamba shida. Ana iya kwaɓa ta da siminti ta daskare don rage tsatsowa kafin a binne, amma bulon nan ba na gini ba ne. Haka ɓuntu ko gawayi ko yashin matata da suka ƙoshi, duk hukuncinsu ɗaya da lakar. Je ofishin KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, da kanka ka nemi su nuna maka a rubuce inda aka amince a kai irin wannan shara da wanda aka ba izinin ɗauka, ka riƙa ajiye takardar kowace ɗauka. Dokar ba sabuwa ba ce. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 aka kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai cutarwa, ƙa'idojin 1991 suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007 kuma tana da ikon rufe wuri.

Kada ka manta da yaran da ke tsaye a kan kwamin. Tururin kurom mai lamba shida yana cin cikin hanci har ya huda shi, yana haddasa gyambo a hannu, yana kuma jawo sankarar huhu. Safar hannu ta roba, tabarau, takunkumi na gaske, iska mai ratsa ɗakin. Kada a ci abinci ko goro a wurin, kayan aiki kuma a tuɓe su a nan, kada a kai gida mata su wanke tare da na yara.

Wajen gwaji, akwai ɗakunan gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando. Kira su kafin ka ɗebi ruwan, don kwalbar gwajin ƙarafa ana ɗiga mata asid na musamman, ta kurom mai lamba shida kuwa ba a sa mata, kuma ana so ta isa cikin yini guda. Ɗebi ɗaya daga kowane bututu ukun nan a tsakiyar aiki, ba da sassafe ba lokacin da ruwan ke da haske. Tunda kuma kun daɗe kuna zubawa a lambatu, ƙara da kwalba biyu daga rijiyoyin gidajen da suka fi kusa da ku ta gangare, da kuɗinka. In sakamakon ya fito, turo mini shi tare da sunayen da ke jikin buhunan gishirinku, in lissafa maka yawan layim da metabaisalfait da tankinka zai riƙa ci a rana.